Mambila ko Sukur: ina ya fi dacewa da hutun Disamba?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya yi tambaya: yana da hutun kwana biyar a Disamba, zai tafi da iyali, shin Mambila zai nufa ko Sukur? Malam, in da mata da yara, Mambila. Sukur ta mai ƙarfin gwiwa ce.

Mambila tana Ƙaramar Hukumar Sardauna a Taraba, tsayinta ya kai wajen mita 1,600, kuma mota za ta kai ka har Gembu. Daga Jalingo za ka bi Bali da Serti zuwa Mayo Selbe, inda hawan yake farawa, sai Maisamari da Nguroje. Ka ware wa hanyar yini guda cur, ka tashi bayan asuba, don kwana-kwanar dutsen ba ta dare ba ce. Mota ce ta fi ɓata wa mutane wannan tafiya. A hawa inji ya ɗau zafi, a gangara birki ya ƙone saboda direba ya ɗora ƙafa a kai bai ɗaga ba. Maganinsa a sauko da giya ta ɗaya ko ta biyu, a duba birki da ruwan lagireto tun a Jalingo, a cika tanki a can. Sanyin dare kuwa ba wasa, don haka a riƙe bargo da rigar sanyi da safa, musamman ga yara. Akwai masauki a Gembu, daga nan a leƙa gonar shayi ta Kakara da dajin Ngel Nyaki. Mai ɗan Fulatanci zai ji daɗin kasuwa.

Sukur tana Ƙaramar Hukumar Madagali a Adamawa, kan duwatsun Mandara, kusa da iyakar Kamaru. Ita ce wuri na farko a Najeriya da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin wuraren tarihi na duniya, a 1999. Ta fuskar tarihi ta fi Mambila nesa ba kusa ba: fadar Hidi, sarkinsu, da aka gina da dutse, gonaki hawa-hawa a jikin tsauni, da kufan wuraren narka ƙarfe. Amma mota a gindin dutse take tsayawa. Sauran da ƙafa ne, kan hanyar da aka shimfiɗe da duwatsu, kuma mai ciwon gwiwa zai fi jin jiki a saukowa. A hau da sanyin safiya, kowa da ruwa lita 2 da takalmi mai riƙe ƙasa, ba silifa ba. A nemi ɗan jagora na gari, a fara da gaishe da Hidi kafin a ɗaga waya ɗaukar hoto.

Babban bambancin shi ne tsaro. Boko Haram ta kai wa Sukur hari a 2014, kuma yankin Madagali yana buƙatar taka-tsantsan. Kafin ka bar Yola ka tambayi mutanen yankin halin da hanyar Michika zuwa Gulak take ciki, ka riƙe katin shaida saboda shingayen sojoji, ka kwana a Mubi, ka kuma sauko da rana tsaka. Duk wanda ka zaɓa, ka tafi da tsabar kuɗi, don sabis na iya ɗaukewa a ƙauye taransifa ta ƙi tafiya.