Makin da na ba malamanmu na aikin hannu a asibitin koyarwa

A ƙarshen kowane zango da muka yi a wani sashe na asibitin koyarwa, ana raba mana fom domin mu ba malaman da suka koya mana aikin hannu maki daga 1 zuwa 5. Yanzu da nake shekara ta shida a karatun likita, na cike wannan fom sau da yawa, kuma har yau tambayoyinsa ba su wuce ko malami yana zuwa kan lokaci da ko ya san darasinsa ba, alhali abin da ɗalibi yake aunawa a ransa shi ne ko malamin ya tsaya kusa da shi lokacin da hannunsa yake kan majiyyaci.

Malamin ɗakin gwaji na ba shi 4. Mutum-mutumin robar da muke koyon farfaɗo da zuciya a kansa ya tsufa, amma malamin yakan tsaya da agogo a hannu, ya sa kowa ya danna ƙirji sau 30 ya hura numfashi sau 2, kuma ba ya sallamar mutum sai dannawar ta kai 100 zuwa 120 a minti ɗaya.

Manyan likitoci kuwa, iliminsu babu mai musu a kansa, sai dai zagayen safe da ɗalibai kusan ashirin a bakin gado ɗaya ba ya barin na baya ya ga komai, kuma wanda aka yi wa tsawa a gaban majiyyaci da danginsa ba ya sake miƙa hannu a wannan rana. Wannan yana da illa, domin OSCE, jarrabawar aikin asibiti ta ɗaliban likita, wadda Ronald Harden da abokan aikinsa na Dundee a Sikotilan suka fito da ita a 1975, hannu take gwadawa tasha bayan tasha cikin 'yan mintuna, haddar littafi ba ta fitar da kowa a wurin. Yawancin manyan likitocin 3 na ba su, kuma ina zargin wasu abokaina sun rubuta 5 ne saboda tsoron a gane rubutunsu.

Wadda ta koya mini saka kanula, wato siririn bututun robar da ake sakawa a jijiya domin ƙarin ruwa ko magani, wata sista ce mai aikin dare. Na soki wata tsohuwa sau biyu ban samu jijiya ba, gumi yana keto mini, sai sistar ta ba tsohuwar haƙuri, ta sake ɗaure dantsen, ta ɗora yatsana a kan jijiyar ta ce, "Ɗana, da yatsa ake nemanta, ba da ido ba. Kwantar da allurar kaɗan." Jini ya leƙo nan take. Ta sa ni na maimaita a kan majiyyata uku kafin asuba tana tsaye a kaina.

Fom ɗin sunayen likitoci kawai yake ɗauke da su, don haka a gefen takardar na rubuta nata, na ba ta 5.