Na'urar tayar da mota ta NOCO Boost Plus GB40 a hannun namiji mai fita da shigar mata

Ni namiji ne da nake fita da shigar mata a wasu ranaku, kuma na daɗe da gane cewa a irin waɗannan ranakun mota ita ce ɗakina na biyu. A cikinta nake duba kwalliyata kafin in shiga wuri, a cikinta nake samun natsuwa idan idanu suka yi mini yawa, kuma muddin injin yana tashi, ni ke zaɓar inda zan tsaya da wanda zan yi wa magana. Ranar da mota ta ƙi tashi kuwa, wannan zaɓi ya kuɓuce daga hannuna, domin dole ne in tsaya a fili, in tare mutumin da ban san halinsa ba, in roƙe shi da muryar da ba ta tafi daidai da rigar da ke jikina ba. Da wannan ma'auni na gwada na'urar tayar da mota ta NOCO Boost Plus GB40, wato minti nawa take rage mini na tsayuwa a bakin hanya, kuma mutum nawa take hana ni neman taimakonsu.

Abin da ya sa na saye ta ya faru ne wata rana da dare a wurin ajiye motoci, bayan na manta ƙananan fitilun motata a kunne na tsawon sa'o'i. Ina da wayar jona batir a but, kamar yadda ake ba kowa shawara, amma wayar ba ta da wani amfani sai an sami mota ta biyu da mai ita wanda ya yarda ya matso da ita gaba da gaba da tawa. Mutumin da ya tsaya ya zo da fara'a, yana ce mini kada in damu, har sai da na yi magana ya ji muryata. Bai zage ni ba, bai kuma fasa taimakon ba, sai dai ya kira abokinsa daga cikin mota, abokin ya fito da waya a hannu yana ɗaga ta ta yadda ban san ko haska mana yake yi ko hoto yake ɗauka ba. Motar ta tashi, na yi godiya na tafi, amma har na isa gida hannuna bai daina rawa a kan sitiyari ba.

Na fara da batir ne saboda shi ne ya fi kowane ɓangare ajiye mota a hanya. Ƙungiyar masu motoci ta Jamus, ADAC, tana fitar da alƙaluman kiran agajin da take amsawa duk shekara, kuma shekaru da dama a jere matsalar batir ce ke kan gaba, da fiye da kashi 40 cikin 100 na dukan kiran. Batirin mota yakan yi shekara 3 zuwa 5 kafin ya gaji, zafi yana cinye shi a hankali, sanyi kuma ya tona asirinsa da safe ko da dare. Akwai wani dalili da ya shafe mu musamman: da yawa daga cikinmu mukan zauna a mota injin a kashe, fitilar ciki da rediyo a kunne, muna gyara hoda ko muna jiran wurin ya rage mutane, kuma wannan zaman yana zuƙe batirin da dama can ya tsufa.

Kamfanin NOCO na Amurka ne, a jihar Ohayo, kuma tun 1914 yake harkar kayan batir. Na'urar tana da batirin litiyam a cikinta, an yi ta don motoci masu batirin volt 12, kuma kamfanin ya ƙiyasta ƙarfinta da amfiya 1000, wanda ya ce ya isa injin fetur har mai lita 6 da injin dizal har mai lita 3. Ya kuma ce caji ɗaya zai iya tayar da mota har sau 20, lissafin da na ɗauka a matsayin iyakar abin da za a samu idan komai ya dace, domin ban taɓa buƙatar fiye da sau biyu a dare ɗaya ba. Nauyinta da wayoyinta bai wuce kilo ɗaya da 'yan kai ba, don haka tana shiga babbar jakar hannu. Tana da fitila mai hasken lumen 100 da ke iya walƙiyar neman agaji, da kafar USB ta cajin waya, da ƙananan fitilu huɗu masu nuna yawan cajin da ya rage.

Yadda ake aiki da ita shi ne abin da ya fi burge ni. Ana buɗe bonet, a maƙala jan bakin wayar na'urar a kan batir mai alamar tarawa, baƙin kuma a kan mai alamar ɗebewa, sannan a danna maɓallin kunnawa. Idan na'urar ta gane batirin, farar fitila za ta kama, sai a shiga a murza makulli. Da motar ta tashi a kashe na'urar, a cire bakunan, a rufe bonet. Na auna lokacin a gida da rana, ya kama kamar minti uku, kuma daren da na yi amfani da ita da gaske a wajen wani gidan cin abinci bai kai minti biyar ba, har da tsayawa in goge hannu. Ba wanda ya matso, domin kafin wani ya lura cewa akwai mace tsaye gaban buɗaɗɗen bonet ya taso da niyyar taimako, na riga na rufe shi. Wanda bai taɓa tsayawa a wannan matsayi ba zai ga kamar ƙaramin abu ne, amma mai son taimako shi ne ya fi wahalar kaucewa, tun da ba a korar mutumin kirki, kuma kirkin nasa ne ke kawo shi kusa da fuskarka da muryarka.

An gina ta yadda ba ta tartsatsi idan bakunan biyu suka haɗu, kuma idan aka juya su, ja a wurin baƙi, jan fitilar gargaɗi ce za ta kama ba tare da wuta ta wuce ba. Wannan kariya tana da muhimmanci ga mutumin da ke aiki cikin duhu da fargaba, da dogayen farata, gashi yana sauko masa a ido. Sai dai akwai wani maɓalli na musamman da ake dannawa a riƙe idan batirin ya mutu murus, wato ƙarfinsa ya sauka ƙasa da volt 2 har na'urar ba ta iya gane shi. Danna shi yana tura wuta kai tsaye, yana kuma ɗauke duk kariyar da na ambata, saboda haka wajibi ne a duba alamomin kan batir sau biyu kafin a taɓa shi. Shawarata ita ce a koyi wannan a gida, da rana, cikin kayan da ake fita da su.

Kayan jiki kuwa suna da haɗarin da littafin na'ura bai rubuta shi dominmu ba. Awarwaro, zobe, agogon ƙarfe ko doguwar sarƙa, duk wanda ya haɗa kan batir mai alamar tarawa da ƙarfen jikin mota zai yi zafi nan take har ya ƙona fata, domin batirin mota yana iya sakin ɗaruruwan amfiya a lokaci guda. Ina cire su duka in zuba a aljihun ƙofa kafin in buɗe bonet. Gyale, faffaɗan hannun riga da dogon gashin kanti kuma abokan gabar fambel ne da zarar injin ya tashi, ga fankar lagireto da ke iya juyawa da kanta a wasu motoci ko da an kashe injin. Ina ɗaure gashin a baya, in naɗe hannun riga, in sa safar hannu, wadda take kare farata take kuma hana baƙin mai ya hau riga. Takalmi mai tsini ba a tsayawa da shi a kan tsakuwar gefen titi, ba a ma so a yi tuƙi da shi, don haka takalmi maras tudu yana zaune ƙarƙashin kujerata kullum.

Iyakar na'urar a fili take, kuma iyaka ce ta duk na'urorin irinta. Tana tayar da mota, ba ta cajin batir, don haka idan altaneta, wato abin da ke cajin batir yayin da injin ke aiki, ita ce ta lalace motar za ta tashi ta sake mutuwa bayan 'yar tafiya, wataƙila a wurin da ya fi na farko muni. Cikakken batir yana nuna kamar volt 12.6 idan injin a kashe yake, ya hau wajen volt 14 idan injin yana aiki, kuma ƙaramin ma'aunin da ake sokawa a kafar kunna sigari zai nuna wannan ba tare da an fita daga mota ba. Idan kik ne ya lalace, ko mai ya ƙare, ko injin ya yi zafi, babu abin da za ta yi. Wayoyin irin waɗannan na'urori gajeru ne, kuma wasu motocin batirinsu yana cikin but ko ƙarƙashin kujera, saboda haka a nemi wuraren jonawa da aka tanada a ƙarƙashin bonet tun kafin ranar buƙata. Batirin litiyam kuma ba ya son zafin motar da aka rufe a rana, shi ya sa nake shiga da ita gida, in duba cajinta duk wata biyu ko uku.

Batun taya ban ba shi dogon lokaci ba, domin ƙaramin famfon iska mai aiki da wutar mota ya wadatar ga tayar da ke sacewa a hankali, ya kai mutum wuri mai haske da jama'a. Yawan iskar da ta dace galibi yana rubuce a jikin ƙofar direba. Idan faci babba ne sai safaya da jak, kuma siririyar safayar da ke zuwa da motoci da yawa ba a wuce kilomita 80 a awa da ita. Canja taya cikin siket aiki ne da na gwada sau ɗaya a gida na ga ba zan maimaita shi a titi ba.

Wannan ne ya kawo ni ga jakar da ke kusa da na'urar, wadda ake yawan gardama a kanta tsakanin masu irin fitata. A ciki akwai wando mai faɗi, babbar riga mai rufe jiki, hula, da tsumman goge kwalliya. Wasu suna ganin ɗaukar jakar kamar amincewa ne da cewa abin da suke yi abin ɓoyewa ne, kuma na fahimci wannan ra'ayi, amma ban bi shi ba. Dokoki da halayen mutane sun bambanta ƙwarai daga ƙasa zuwa ƙasa, akwai inda ba wanda zai ɗaga kai ya dube ka, akwai kuma inda shigar kanta take iya jawo tuhuma ko duka, kuma kowa ya fi sanin inda yake. Abin da na lura da shi kawai shi ne canji rabi da rabi ya fi jawo ido fiye da cikakkiyar shiga, domin mutum mai wandon maza da jambaki da ragowar kwalli a ido kowa sai ya sake kallonsa. Goge kwalliya sosai a madubin mota yana cin minti goma ko fiye, saboda haka a yanke shawara tun farko: ko a canja gaba ɗaya ƙofofi a kulle kafin a kira kowa, ko a zauna yadda ake a fuskanci mai zuwa da natsuwa.

Idan abin ya fi ƙarfin na'ura da famfo, sai kiran masu agajin hanya, kuma na fi son in yi rajista da su tun da wuri, ko ta kamfanin inshora ko ta ƙungiyar masu motoci, a kan in tsaya neman janwe a waya da tsakar dare. Sunan da ke lasisin tuƙi da takardun mota shi nake bayarwa, kuma nakan faɗa wa mai amsa kira a taƙaice cewa direban zai tarar da ni da kayan mata, don kada ya zo yana neman wani dabam. Sau biyu na yi haka, kuma duka biyun bakaniken ya fi damuwa da motar fiye da ni. Haka nake yi idan ɗan sanda ya tsaya: in miƙa takardu na gaskiya, in amsa abin da aka tambaye ni, ban ƙirƙiri wani suna ba. Kafin su iso ina kunna fitilun haɗari, in ajiye alamar gargaɗi mai kusurwa uku a bayan mota, in tura wa amini ɗaya da ya san halin da nake ciki wurin da nake. A nan kafar cajin waya ta na'urar ta biya ni, domin wayar da aka yi ta ɗaukar hoto da ita tun yamma ba ta kai dare da caji.

Ga mai ƙaramar mota ko matsakaiciya wanda yake fita shi kaɗai, ina ganin GB40 ta cancanci saye, kuma ita zan sa a gaba kafin famfo da sauran kaya. Mai babbar motar dizal da ta haura lita 3 ya nemi babbar yayarta daga kamfanin. Tawa ta shekara biyu a hannuna, na tayar da motata da ita sau uku, sau ɗaya kuma na tayar da ta wata dattijuwa da na tarar tsaye da wayar jona batir a hannu tana dube-dube. Na cire awarwarona na sa safar hannu, ita kuma ta riƙe mini fitila har motar ta tashi.