Sharhi kan filen Lie-Nielsen mai lamba 62 ga mai son haɗa jita da hannunsa

Kafintan da ya saba da aikin ƙofa da tebur, idan ya fara haɗa jitar katako, wato irin wadda ba ta buƙatar lantarki, abin da zai fara ba shi mamaki shi ne sirantar allunan da ake aiki da su. Allon gaban jita mai tsirkiyar ƙarfe yakan ƙare ne tsakanin milimita 2.5 zuwa 3, na baya ma kusan haka, gefuna kuwa ana rage su zuwa kimanin milimita 2 domin su lanƙwasu a jikin ƙarfe mai zafi ba tare da sun karye ba, kuma wannan siririn allon gaba shi ne zai jure jan tsirkiyoyi shida da ya kai kimanin kilo 70 shekara da shekaru. A irin wannan aiki, idan filen, wato abin da kafinta ke turawa da hannu ya share fuskar katako, ya fizge ɓantare mai zurfin rabin milimita, babu sauran naman da za a kankare a gyara, allon ya tashi aiki ke nan. Saboda haka zaɓen filen ba ƙaramar magana ba ce ga mai haɗa jita, kuma wanda na fi dogara da shi a bencina shi ne na kamfanin Lie-Nielsen mai lamba 62.

Kamfanin yana garin Warren a jihar Maine ta Amurka, kuma Thomas Lie-Nielsen ne ya kafa shi a 1981 da nufin sake ƙera tsofaffin kayan aikin hannu da aka daina yi. Wannan filen an ɗauko tsarinsa ne daga wani na kamfanin Stanley mai lamba iri ɗaya, wanda aka ƙera daga 1905 zuwa 1942, sai dai an canja ƙarfen jikinsa zuwa irin wanda ba ya saurin fashewa, domin tsohon ya yi suna wajen ɓallewa a bakinsa, wato tsagar da wuƙa ke leƙowa ta cikinta. Tsawonsa inci 14 ne, faɗin wuƙarsa inci 2, nauyinsa kuwa kimanin kilo 2, kuma mariƙinsa na gaba da na baya na itace ne. Babban bambancinsa da filen da kafintocinmu suka sani shi ne yadda wuƙar take zaune. A filen na yau da kullum wuƙar tana tsaye a kan digiri 45, gefen da aka wasa yana duban ƙasa, sannan akwai ƙarfe na biyu a kanta mai karya sassaƙe. A wannan kuwa wuƙar a kwance take a kan digiri 12, gefen da aka wasa yana duban sama, kuma babu ƙarfe na biyu sam. Tun da kamfanin yana wasa ta a kan digiri 25, idan aka haɗa biyun sai ta riƙa shiga katako a kan digiri 37.

Wannan lissafi shi ne sirrin filen gaba ɗaya, domin yana nufin mai aiki zai iya canja halin filen ta hanyar canja wasar wuƙa kawai. Idan ya wasa wata wuƙar a kan digiri 38 ya sami yanka na digiri 50, idan ya kai ta 50 ya sami 62, kuma gwargwadon miƙewar yankan gwargwadon yadda yake daina ɗaga jijiyar katako ya koma kankararta. Jita kuwa haɗin itatuwa ce masu hali daban-daban. Gabanta galibi na sifurus ne ko sida, masu laushi da miƙaƙƙiyar jijiya, bayanta da gefunanta kuma na itace mai tauri ne irin su roswud na Indiya da mahogani, kuma babu wuƙa guda da za ta yi wa dukkansu adalci.

Aikin farko da na gwada shi a kai shi ne haɗa rabi biyu na allon gaba, kuma nan ne ya fi gamsar da ni. Ana sayar da allon ne a matsayin fallaye biyu da aka tsaga daga gungume ɗaya, a buɗe su kamar littafi, a manne su a tsakiya da gam, kuma wannan haɗi ba ya yafe giɓi ko na ƙwayar gashi. Akan ɗora fallayen biyu a kan juna bisa wani allo da ya ɗaga su kaɗan daga benci, a kwantar da filen a gefensa, a tura shi daga wannan ƙarshe zuwa wancan a ja ɗaya ba tare da tsayawa ba. Bayan haka sai a haɗa bakunan biyu a ɗaga su ga hasken taga, kuma duk inda zaren haske ya ɓullo to da sauran aiki. Da wuƙar digiri 37 da baki a matse, sassaƙen sifurus yana fitowa siriri har ana iya ganin inuwar yatsa ta cikinsa, kuma gefen yana fita da sheƙin da samfefa ba ta iya bayarwa. Fallayen sukan kai inci 20 zuwa 22, don haka masu cewa filen mai lamba 7, wanda tsawonsa inci 22 ne, ya fi tabbatar da miƙewa suna da gaskiya, amma inci 14 ya wadatar idan hannu ya koyi matsa gaba a farkon turi da matsa baya a ƙarshensa.

Rage kaurin allon bayan an manne shi yana da wani tarko da ba kowa ke faɗa wa mai koyo ba. Da yake an buɗe fallayen ne kamar littafi, jijiyar rabin dama takan fuskanci wani waje, ta rabin hagu ta fuskanci kishiyarsa, saboda haka turin da ya fita sumul a wannan rabi shi ne zai tsattsage wancan. Dole mutum ya gano alkiblar kowane rabi da yanka mara zurfi, ya sa alamar kibiya da fensir, ya danne allon a ƙarshe ɗaya ya riƙa turawa yana nesa da abin dannewar, domin siririn allo idan aka tokare shi daga gaba sai ya tanƙware ya karye. A nan ne bakin wannan filen yake nuna amfaninsa, domin da sassauta mariƙin gaba da juya wani ɗan hannu ake matse bakin ko a buɗe shi, ba sai an kwance komai ba. Nakan buɗe shi wajen cire nama da yawa a karkace, in matse shi idan ma'aunin kauri ya nuna na kusa, daga nan kuma sai a hankali, ana yanka ana lanƙwasa allon a hannu ana ƙwanƙwasa shi kusa da kunne.

Itace mai tauri shi ne jarrabawar gaskiya. Sapele, wanda ya samo sunansa daga garin Sapele na jihar Delta kuma manyan kamfanonin jita na duniya suke amfani da shi, jijiyarsa a sarƙe take, layi ɗaya ya nufi gaba na kusa da shi ya nufi baya, haka ma dangin maɗaci da ake fitarwa waje da sunan mahoganin Afirka. Da wuƙar digiri 37 irin wannan itace tsagewa yake yi ko ta ina aka ɓullo masa, kuma wanda ya sayi filen ɗin da wuƙa ɗaya tak bai sayi abin da zai yi masa bayan jita ba. Kamfanin yana sayar da wuƙa mai haƙora, wadda take yanka ƙananan layuka a maimakon faffaɗan sassaƙe, kuma a ganina ita ce ta fi cancantar kuɗinta a cikin duk abin da ake sayarwa tare da shi, domin tana cin nama da sauri ba tare da ta fizge jijiya ba, layukan da take bari kuma suna nuna wa ido inda aka taɓa da inda ba a taɓa ba. Bayan ta sai a sa wuƙar da aka wasa a tsaye, wato a kan babban digiri, ta share layukan, turinta da nauyi kuma tana saurin dakushewa, amma fuskar tana fita lafiya.

Akwai abubuwan da tsarinsa bai tanada ba, kuma ya kamata mai saye ya san su kafin ya fitar da kuɗi. Ba shi da hannun karkata wuƙa dama ko hagu irin na filen Stanley na yau da kullum, saboda haka da yatsa ko da ɗan bugu na ƙaramar guduma ake daidaita ta, abin da yake buƙatar haƙuri a farko. Gefensa gajere ne, don haka idan aka kwantar da shi wajen daidaita bakin allo babu wadataccen wurin riƙo, sai an sayi wani mariƙi na daban da ake ɗaura masa. Wuƙarsa ta ƙarfen A2 ce mai kauri, tana daɗewa da kaifi amma tana cin lokaci wajen wasa, kuma dutsen mai na gargajiya yana jinkiri a kanta, sai dutsen ruwa mai lambar laushi 1000 da 8000 ko farantin lu'ulu'u. Sannan idan ba a ɗan rage kusurwoyin wuƙar ba, za su riƙa barin layi a fuskar sifurus. Na kamfanin Veritas na Kanada, wanda ya ɗan fi shi tsawo da faɗi, yana da makunni guda da ke daidaita zurfi da karkata a lokaci ɗaya, kuma wanda wannan ya dama yana da dalilin fifita shi.

Haka nan ba ya maye gurbin ƙananan kayan aiki. Yana iya share haɗin kan jita da wuyanta, wanda ake yankawa a kan kimanin digiri 15, yana kuma fitar da sandunan da ake ƙarfafa cikin allo da su a miƙe, amma da zarar an manne sandunan nan a siffar gicciye, sassaƙa su aikin cizil ne da ɗan ƙaramin filen na tafin hannu irin mai lamba 60½, ko ƙananan na yatsa da masu ƙera goge na Turawa ke amfani da su. Ƙarfen kankarar katako ma ba a rabuwa da shi wajen gamawa.

Sai batun kuɗi, wanda a wajenmu ba a iya kau da kai daga gare shi. Farashinsa ya haura dala 200 kafin a ƙara wuƙa ta biyu da ta uku, kafin kuɗin jigila da na kwastan, kuma idan aka juya wannan zuwa naira ya isa sayen katakon jita da yawa. Na taɓa gwada wani sabon filen mai arha na kasuwa, tafinsa ba a miƙe yake ba, wuƙarsa tana rawa a mazauninta, kuma irin wannan ko kyauta aka ba mutum bai kamata ya kusantar da shi ga allon sifurus ba. Amma tsohon Stanley ko Record mai lamba 5, ƙirar Ingila, irin wanda har yanzu ake samu a hannun dattawan kafintoci, magana ce daban. Tsawonsa da faɗin wuƙarsa daidai suke da na wannan, kuma idan aka goge tafinsa a kan samfefar da aka manna a gilashi har ya miƙe, aka wasa wuƙar sosai, aka matso da ƙarfe na biyu dab da bakin kaifi, yana hana tsagewa ko a kan sapele. Abin da yake nema shi ne lokaci da sanin gyara, kuma sanin gyaran nan shi ne abin da sabon shiga bai mallaka ba tukuna.

Ga wanda jita ɗaya yake son gwadawa ya gani, shawarata ita ce ya nemi tsohon mai lamba 5, ya sa ragowar kuɗin a duwatsun wasa masu kyau da ma'aunin kauri. Ga wanda ya ƙudura cewa zai ci gaba da wannan sana'a, kuma zai riƙa sauyawa tsakanin itace mai laushi da mai tauri, lamba 62 ya cancanci kuɗinsa, da sharaɗin ya saye shi tare da wuƙa mai haƙora da wata wuƙar ta daban da zai wasa a tsaye. Ya kuma sani cewa jikinsa yana tsatsa da damina idan ba a shafe shi da ɗan mai bayan aiki ba, kuma wajibi ne a goge man nan tas kafin tafinsa ya taɓa bakin allon da za a sa wa gam.