Sayen 'yan wasa ko renon yaran gida?

Wallahi in aka ce in zaɓa tsakanin ciyaman ɗin kulob ɗin ƙwallo mai kwaso 'yan wasa masu tsada duk kaka da wanda zai reni yaranmu na Bauchi, na biyun zan bi. Na farkon zai cika filin Abubakar Tafawa Balewa kam, amma kuɗin gwamnati na makara sai albashi ya tsaya, ɗan wasa ya tattara komatsansa, wani ma har a fara lallaɓa alƙalin wasa don kar kulob ya faɗo. Na biyun sai haƙuri, ba kofi da wuri, amma yaron Wunti ko Yelwa yana da kwantiragi a rubuce, ana biyansa kan lokaci, in an sayar da shi kuɗin za su shiga asusun kulob ba aljihun wani ba.