Kyamara ko akwatin ƙarfe? Ki nemi mai walda

'Yar'uwa, akwatin za ki yi. Tsakanin kyamarar bakin get da akwatin ƙarfe na ajiye saƙo da kika tambaya a kai, duka biyun ina da su a gidana a Kubwa, amma ɗaya ne kawai zan iya ce wa ƙanwata ta fitar da kuɗinta a kai.

Nawa akwatin wani mai walda ne a bayan layinmu ya haɗa min. Tsayinsa ya kawo min ƙugu. Daga waje ba abin da ake gani sai wani murfi a sama, wanda ake jawowa ya kwanto, a ɗora kaya a kai, a mayar da shi, kayan su zame su faɗa ciki. A ƙarƙashin murfin akwai wani fallen ƙarfe da aka kafa a karkace, shi ne sirrin abin gaba ɗaya: kaya na wucewa ƙasa, amma duk wanda ya zura hannu ƙarfen zai tarar, ba zai kai gindin akwatin ba. Ƙofar da ake ɗebe kayan kuma ta cikin gida take, don an fasa katanga ne aka zaunar da shi a ciki aka liƙe da siminti. Mai babur ba ya buƙatar makulli, ba ya buƙatar a buɗe masa get, ba ya buƙatar kowa ya kasance a gida.

Ranar da na san na yi abin kirki wata Juma'a ce cikin Agusta. Yayata ta yi min sayayya a Kantin Kwari, atamfofi da shadda na bikin 'yar ƙanin mijina, ta ba direba ya sauke a tashar Jabi, daga can wani yaro mai babur ya ɗauko. Ya kira ni ina cikin cunkoson hanyar Kubwa, hadari ya haɗu baƙi ƙirin ta wajen Zuba, gidan kuma ba kowa, yara suna Islamiyya. Na ce masa ya duba gefen get ta hannun dama zai ga murfi mai ruwan toka. Ina jin ƙarar faɗawar kayan ta cikin waya, tim, shi kansa sai da ya yi dariya ya ce, "Hajiya, wannan dabara ce." Aka tafka ruwa kamar ba za a daina ba. Ban iso ba sai bayan isha'i, na haska fitilar waya na buɗe kwaɗon, ga ƙullin nan a naɗe da salatif mai ruwan ƙasa, sunana da lambata da yayata ta rubuta da alƙalamin maka ko jiƙewa ba su yi ba. Da a da ne, wannan ƙullin a ƙarƙashin get za a tura shi, ko a bar wa mai shagon kusa, ko a miƙa wa duk wanda aka tarar a tsaye ya ce shi ɗan gidan ne.

Wannan na ƙarshen shi ne yadda yawancin kaya ke salwanta, ba wai ɓarawo ya haura katanga ba. Masu kai saƙo sauri suke yi, da yawansu gwargwadon kayan da suka kai ake biyansu, ga akwatin bayan babur cike da na wasu. Ya kira sau biyu ba ki ɗauka ba saboda kina gaban oga ko kina salla, to zai nemi hannun da ya fi kusa. Ga matsalar adireshi: a Kubwa da Lugbe da Karu gidaje nawa ne ke da lamba a jiki? "Baƙin get bayan masallaci" muke cewa, alhali baƙaƙen get huɗu ne a layin. Shi ya sa na sa aka rubuta lambar gida da manyan baƙaƙe a jikin akwatin. Yanzu kwatancena ya zama jimla ɗaya.

Kyamarar kuwa tana nan a maƙale, tana nuna min awakin unguwa.

To, bari dai in yi mata adalci kaɗan. Aikinta ta nuna miki wanda ya ɗauka bayan ya riga ya ɗauka, ihu bayan hari ke nan. Shi ma sai in ta samu abin da take so: wuta, da intanet, da data. Mutanen da ke kan layin da ake kira Band A, waɗanda aka ƙara wa kuɗin wuta zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024 bisa alƙawarin awa 20 a rana, su za su iya cewa tasu ba ta cika mutuwa ba. Mu sauran, da an ɗauke wuta ita da na'urar waifai suke kwanciya tare, sai in kina da inbata. Akwai masu sola da ake sa wa layin waya a ciki, sun fi dacewa da mu, amma kin ƙara wa kanki wani bakin da za ki riƙa ciyarwa da data duk wata. Irin na Amurka da ake ta yayi, Ring, ba ta ajiye miki bidiyo sai kina biyan kuɗin rajista a kai a kai, kuma da kuɗin waje. In hunturu ya shigo ƙura ta rufe gilashin, in ba ki hau kujera kin goge ba sai dai ki ga inuwa tana wucewa. Ko hoton ya fito tar, mutum ne da hular kwano ko hana-salla ya sunkuyar da kai. Kin kai caji ofis, tambayar farko ita ce, "Kin san shi?" Ba ki san shi ba. Kayan dubu ashirin, wa zai bar aikinsa ya bi sawu?

Amfani ɗaya na yarda tana da shi, kuma ba ƙarami ba ne: tana kashe zargi. In kaya suka ɓace, wanda ake fara kallo maigadi ne ko yarinyar da ke taya aiki, su da ba su da bakin kare kansu. Na san gidan da aka sallami dattijo saboda takalmi, daga baya ta bayyana mai sayarwar ce ba ta ma aiko ba. In akwai bidiyon da ke nuna babu babur ɗin da ya tsaya a ƙofar ranar, an huta da ɗaukar alhaki. Saboda haka in kuɗi ya ragu bayan akwati, ki sa ƙarama mai araha ta kalli murfin. Kada dai ki fara da ita.

Yanzu abin da ba ki tambaya ba, amma sai na faɗa, don a nan ake cin kuɗin mutane.

Wajen mai walda, kaurin ƙarfe ne wurin cuta. Za ku yi ciniki a kan mai kauri, ya je ya yanko marar kauri wanda bai fi kwanon rufi ba, ya mulka masa fenti, ba za ki gane ba sai ranar da wani ya sa sukundireba ya banƙare shi. Ki ce milimita 2 kike so, kada ya gaza 1.5, kuma ki je ki gani da idonki kafin a shafa fenti. Wanda ya fi ma, ki aiki wani naki kasuwar kayan gini ta Dei-Dei ya sayo fallen ƙarfen, mai walda ya karɓi kuɗin aikinsa kawai. A fara shafa jan fentin nan mai hana tsatsa kafin na ado, in ba haka ba damina ɗaya ta Abuja, daga Afrilu zuwa Oktoba, ta isa ta cinye gindinsa. A ɗaga ƙasan kamar taƙi ɗaya daga daɓe, a huda 'yan ƙofofi don ruwan da ya samu shiga ya fita, a shimfiɗa katako a ciki, a yi wa murfin 'yar rumfa. Fentin kuma mai haske, fari ko ruwan toka. Kada ki biya kuɗin duka a farko. Rabi, sauran sai an kafa.

Kafawar ma ba wasa ba ce. Akwatin da aka ajiye kawai a bakin ƙofa, shi kansa kayan sata ne. Garin da aka riƙa cire murafun ƙarfe na ramukan manyan tituna, har a Janairun 2025 hukumar babban birnin ta hana 'yan bola jari yawo a cikin gari ta kuma rufe kasuwannin panteka na wani ɗan lokaci, kina ganin za a ƙyale akwati mai nauyi a zaune ba a ɗaure ba? Ko a gina shi cikin katanga, ko a yi masa walda a jikin ginshiƙin get, ko a ɗaure shi da daɓen siminti da manyan kusoshi ta ciki. In dole ƙofarsa ta waje za ta kasance, a yi wa kwaɗon gida na ƙarfe da zai rufe shi, yadda almakashin yanka ƙarfe ba zai samu wuyansa ba.

Masu kyamara su ma da nasu salon. A Banex da sauran wuraren kayan lantarki akwai masu gaskiya da yawa, amma akwai masu haɗa miki da memori na jabu: a jiki an rubuta 128GB, wayarki ma ta nuna haka, alhali cikinsa bai kai ko kusa ba, sabon bidiyo na shiga yana lalata na baya. Ba za ki sani ba sai ranar da kika nemi na shekaranjiya. Ki sayi memori daban a shagon da zai ba ki rasit. Sannan wanda ya zo ya kafa miki kada ya buɗe asusun da lambarsa ko imel ɗinsa. Da naki za a buɗe, a gabanki, yana fita ki canza kalmar sirri. In ba haka ba, wani ƙato yana can yana kallon lokacin fitarki da dawowarki, da kuɗinki kika saya masa wannan damar.

Sai 'yan waya. Za a kira ki a ce saƙonki ya iso, ki turo kuɗin babur kafin a kawo. In ba ki san da zuwan kaya ba, ki kashe wayarki. Kamfanonin da ke turo lambar karɓar kaya kuma, wannan lambar ita ce sa hannunki, da kin karanta wa mai babur an rubuta kin karɓa. Ni sai ya turo min hoton ƙullin a kan murfin ta WhatsApp, ko mu yi kiran bidiyo in ga ya saka, sannan in ba shi. Masu sayarwa ta Instagram da ke cewa "ai an kai" ba tare da lambar wanda ya kai ba, ki nemi lambar tun kafin babur ya tashi.

Akwatin ma yana da iyakarsa. Abinci ba ya shiga, kada ki bari a jefa miki kular dambu. Zafin Maris kan narkar da man shafawa, humra da turare ma ba sa son kwana a cikin ƙarfe mai zafi, don haka irin waɗannan a kawo su da yamma. Kayan da sai kin duba kafin ki biya, dole da mutum a tsaye. Waya, kwamfuta, gwal, duk abin da ɓatansa zai hana ki barci, kada ya zo gida sam: Jumia na da wuraren da ake zuwa karɓar kaya, GIG Logistics na da ofisoshi a cikin gari, ki zaɓi a ajiye miki a can ki biya ki ɗauka da katin shaidarki, ko a kai miki wurin aiki. Takardu masu muhimmanci da ke zuwa ta gidan waya kuwa, har yanzu NIPOST na ba da hayar akwatin gidan waya, babban gidan wayarsu na Area 10 a Garki yana nan.

In gidan haya kike, ki fara yi wa mai gidan magana kafin a taɓa masa katanga, wasunsu a kan ƙusa ɗaya sai su riƙe miki kuɗin ajiya. In ya ƙi, a yi mai kusoshi wanda za ki kwance ki tafi da abinki ranar tashi. In kuma gidan mai sassa da yawa ne, ku haɗa kuɗi da maƙwabta a yi babba guda, a sa kwaɗo mai lambobi maimakon mai makulli, duk wanda ya tashi daga gidan a canza lambar. Kafin ki je wajen mai walda ki auna mafi girman kwalin da aka saba kawo miki, ki ƙara taƙi ɗaya a kowane gefe, da wannan awon za a yanka bakin murfin.