Na sayi mitar auna haske, ga abin da na gani

Wata uku kenan ina amfani da ƴar na'urar nan da ake ce wa lux mita, ba ta wuce tafin hannu ba, akwai wani farin ƙoƙo a kanta kamar rabin ƙwai wanda shi ke karɓar hasken, kuma wallahi tunda na same ta na daina yarda da idona. Ɗakin da nake karatu da daddare kullum sai idona ya riƙa zafi, ni kuma a ganina ai haske ya wadata tunda ƙwan fitila biyu ne a silin. Ina ɗora ta kan tebur sai ga lux 80 da ƴan kai, lux ɗin shi ne ma'aunin yawan hasken da ke sauka a wuri. Alhali ƙa'idar Turai ta EN 12464-1 lux 500 ta ware wa karatu da rubutu a ofis, 100 kuwa na hanyar wucewa ne kawai.

Daga nan na zauna na yi lissafin. Lumen shi ne ma'aunin hasken da ƙwan fitila ke fitarwa, lux ɗaya kuma shi ne lumen ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya, ɗakina mita 3 ne da 4 wato murabba'in mita 12, in ina son ko da lux 300 ne kenan lumen 3600 nake buƙata, amma fa ba duka hasken ke sauka kan tebur ba, bango na sha, ƙura na ci, ƙwan ma na rage ƙarfi in ya tsufa, shi ya sa na ninka biyu ya zama 7200. Ƙwan LED mai wat 9 kusan lumen 800 yake bayarwa, kun ga guda 9 kenan! Don Allah a riƙa duba lumen a jikin kwali, wat wutar da yake ci ce kawai.

Ban sa guda 9 ba dai, fitilar tebur na ƙara, domin in ka rage nisa da rabi hasken na ninkuwa kusan sau huɗu, nan take lambar mitar ta haura 500.

Inda mitar ta ban haushi, fuskarta ba ta da wuta, a lungu mai duhu da ƙyar kake ganin lambar, in ka sunkuya kuma inuwarka ta ɓata awon. Sai dai in ajiye ta, in ja baya, in miƙa hannu in danna maɓallin da ke tsayar da lamba. Na gwada manhajar waya ma gefe da gefe, tata lambar sai tsalle take da zarar na ɗan karkata wayar, mitar kuwa tana nan daram.