Stern ko Lander? Amsa ga Hajiya kan makarantar 'yar ƙanenta

Hajiya, kin tambaye ni wacce ta fi dacewa da 'yar ƙanenki tsakanin Stern da Lander, kwalejojin 'yan matan Yahudawa biyu da ke birnin New York. Ki ce wa iyayenta Stern. Yarinyar da ta tashi a hannun mahaifiyarta Bayahudiya, ta yi makarantar gwamnati, Ibranancinta bai wuce na addu'o'in gida ba, kuma likitanci take hari, Stern ce ta dace da ita.

Abin da ya haɗa makarantun biyu ba sai na ja shi ba. Dukansu a Manhattan suke, mata zalla ne a aji, abinci na kosher ne, wato wanda addinin Yahudawa ya halatta, sutura mai rufe jiki ce, ba karatu ranar Asabar, ranar hutunsu ta addini, kuma ana rufewa lokacin manyan bukukuwansu irin su Rosh Hashana, Yom Kippur, Sukkot da Pesach. A dukansu ɗaliba tana ɗaukar karatu biyu a tare, na addini da na boko, saboda haka ki gaya mata tun yanzu nauyin ya fi na jami'ar da ƙawayenta za su tafi.

Stern College for Women reshen mata ne na Jami'ar Yeshiva. An buɗe ta a 1954 da kyautar attajiri Max Stern, tana kan titin Lexington, 'yar tafiya kaɗan daga ginin Empire State. Abin da ya fi shafar yarinyarku shi ne shirin da suke kira Mechina, wanda aka tanada domin waɗanda ba su taso a makarantun addini ba. Daga tushe ake fara musu Ibrananci da Attaura, ba a jefa su aji ɗaya da waɗanda suka yi shekara goma sha biyu suna karatun. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin makin darussan addini yana shiga takardar sakamako, ita kuwa makarantar likitanci takardar gaba ɗaya take dubawa. Yarinya mai ƙoƙari a kimiyya tana iya rasa gurbi saboda an ajiye ta a ajin da ya fi ƙarfinta.

Ni ban yi Stern ba, amma na yi aiki da 'yarsu. A ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a Bronx nake, kuma wata shekara aka turo mana ɗalibarsu ta yi hutun bazara tana koyon aiki a hannuna. Ranar da ta zo ta ɗauki kalanda ta tsara gwaje-gwajenta yadda babu abin da zai faɗo daga yammacin Juma'a zuwa daren Asabar. Ƙwayoyin halittar da muke renonsu kuwa ba su san ranar hutu ba, sai an canza musu ruwa a kan lokaci. Sai muka yi musaya: ni ina duba nata ranar Asabar, ita tana zuwa Lahadi ta duba nawa. Da Babbar Sallah ta zo, ban ma roƙe ta ba ta ce in tafi Idi hankali kwance, ta riƙe min komai har washegari. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take karanta takardun bincike. Layi-layi take bi, ta tsaya ta ce wannan hujjar ba ta kai ga abin da marubutan suka ce ba, ta nemi wanda zai yi mata gardama. Da na tambaye ta inda ta koyi haka, ta ce a ɗakin karatun addini bibbiyu suke zama suna tattauna matani da babbar murya, kamar yadda ɗaliban zaure suke bita kafin malam ya fito. Tun 1977, lokacin da babban malaminsu Rabbi Joseph Soloveitchik ya buɗe darasin Talmud, wato littafin bayanin shari'ar Yahudawa, a Stern, mata suke wannan karatu a can. Yarinyar nan ta samu makarantar likitanci, kuma har yau duk Sallah sai ta aiko min da gaisuwa.

Ta fuskar shirin aiki, akwai masu ba da shawara na musamman ga masu son likitanci. Su ne ke tsara mata darussan halitta, sinadarai da fizik, su sa ta shirya jarrabawar MCAT ta shiga makarantar likitanci a kan kari, su haɗa mata wasiƙun shaida. Kwalejin likitanci ta Albert Einstein a Bronx a ƙarƙashin Yeshiva aka buɗe ta a 1955. Tun 2015 ta koma hannun rukunin asibitocin Montefiore, amma har yanzu ɗaliban Stern suna zuwa bincike can. Asibitocin Bellevue da NYU Langone ma a ƙafa za ta je daga makaranta idan tana neman aikin sa kai. Sannan idan ta kai shekara ta biyu zuciyarta ta sauya, abin da ke faruwa da yara da yawa, ba sai ta bar jami'ar ba: akwai Sy Syms ta kasuwanci da akanta, akwai ilimin kwamfuta, gaba kuma ga Cardozo ta lauyoyi, Ferkauf ta ilimin halayyar ɗan Adam, da Katz mai koyar da aikin mataimakin likita da gyaran magana. Ofishin neman aikinsu yana gyara wa ɗalibai takardar CV, yana haɗa su da tsofaffin ɗalibai, kuma su ne suka san yadda ake gaya wa mai ɗaukar aiki maganar Asabar tun a ganawar farko.

Lander College for Women kuma ta Jami'ar Touro ce, wadda Bernard Lander ya kafa, tana titi na 60 ta yamma kusa da Lincoln Center. Ba laifi. Ta fi ƙanƙanta, ta fi sauƙin kuɗi, kuma Touro tana da New York Medical College da makarantun haɗa magunguna da na haƙori. Sai dai akasarin 'yan matan can daga gidajen da suka fi tsanani a addini suka fito, da yawansu sun riga sun yi shekara a makarantar addini a Isra'ila, saboda haka ina ganin yarinyarku za ta daɗe tana jin kanta baƙuwa. In kuɗi ya gagara sam, to a je can.

Kuɗin Stern kam akwai nauyi, ban ɓoye miki ba. Amma kada ku yanke hukunci da farashin da aka rubuta a shafinsu. Ku cike fom ɗin FAFSA na neman tallafin karatu daga gwamnatin Amurka, ku nemi gurbi a duka biyun, ku jira kowace ta aiko da takardar tallafin da za ta bayar, sannan ku ajiye su gefe da gefe ku ga abin da zai fito daga aljihu. Ku haɗa da kuɗin ɗakin kwana, domin zama a Manhattan shi ma wani kuɗin makaranta ne.

Ba ki tambaya ba, amma sai na faɗa: ku yi hattara da dillalan gurbin karatu. Akwai masu yawo a WhatsApp da Facebook suna cewa suna da hanya a ciki, a ba su dala dubu kaza su samo gurbi da tallafi. Wata maƙwabciyata ta biya irinsu, aka aiko mata da wasiƙa mai hatimi, da ta kira makarantar aka ce ba a taɓa ganin sunan 'yarta ba. FAFSA kyauta ne, duk wanda ya ce ki biya shi kafin a karɓa ɓarawo ne. Kada ku ba kowa lambar Social Security ta yarinyar, wato lambar shaidarta ta gwamnatin Amurka, kuma kuɗin ajiye gurbi a shafin makarantar kawai ake biya, ba a asusun wani mutum ba.

Ki sa mahaifiyarta ta kira ofishin ɗaukar ɗalibai na Stern da kanta, ta nemi a ba yarinyar ranar ziyara, ta zauna a ajin Mechina ɗaya da ajin kimiyya ɗaya, ta kuma tambayi mai ba da shawara kan likitanci ɗalibansu nawa suka nema bara, nawa aka ɗauka. Allah Ya sa ta shiga a sa'a.